Na yi wa mahaifina takwara, wane lakabi za mu sa wa yaron?

Ɗan Ƙofar Marusa:
Assalamu alaikum jama'a. Allah Ya sauki iyalina lafiya ranar Alhamis, an samu namiji, kuma shi ne ɗanmu na fari. Na yi masa huɗuba da sunan mahaifina marigayi, Ibrahim. To ga inda gizo ke saƙar: maijego ba za ta iya kiran sunan ba, ga ɗan fari ga sunan suruki. Hajiyarmu ma ba ta taɓa furta shi ba tun tana amarya. Ita ta ce a kira shi Abba, amma gidanmu Abba uku ne, har sai an ce Abba Ƙarami, Abban Yaya, Abba Baƙi kafin a gane wa ake nufi. Ƙannen maijego kuma sun dage sai Khalil, har sun ba mai buga kalandar suna. Ni dai ban son ɓata wa Hajiya rai. Me kuka gani?

Goggo ta Daura:
Barka, ɗana, Allah Ya raya. Ku bar wahalar da kanku, lakabi ba a yanka masa rago. Bakin da ya fi kiran yaro shi ke cin nasara. Idan wankan jego za ta tafi gidansu, to ka sa a ranka Khalil ya zauna, don kwana arba'in ƙannenta za su yi suna rera shi. Mu a da ba a ma shawara. Wanda ya zo Alhamis Ɗanlami ne, mace Lami. Namijin da ya biyo mata Tanko, macen da ta biyo maza Kande ko Delu, mai bin tagwaye Gambo. Wadda 'ya'yanta ba sa tsayawa kuwa sai a ce Ajuji ko Ayashe, wai don mutuwa ta raina shi ta wuce. Ƙanina Umaru aka raɗa masa, amma har ya yi jikoki Anaruwa ake ce masa, don ana tsuga ruwa aka haife shi, wanzamin ma a jiƙe ya iso ranar aski. Yanzu wa zai yarda a kira ɗansa haka? Kowa sai Amir da Afnan.

Malam na Rafindaɗi:
Allah Ya raya bisa sunna. Khalil bai yi nisa da sunan ba, Annabi Ibrahim ai shi ne Khalilullah, kamar yadda ake ce wa Abubakar Sadik, Umar kuma Faruk. Ka bi Hajiya ta wannan hanya, da wuya ta ƙi. Kuma lakabi ya danne suna ba sabon abu ba ne ko a gidan sarauta. Sarkin Katsina Muhammadu Dikko, wanda ya yi sarauta har 1944, Dikkon nan a Fillanci ɗan fari ake nufi, da shi kuma duniya ta san shi. Gargaɗina ɗaya, a matsayina na malamin firamare: takardar haihuwa ka rubuta Ibrahim, kuma ka kai shi makaranta da kanka. Sau da yawa yaya ko ƙanwar uwa ke kawo yaro, a tambayi suna ta ce Abba, a rubuta Abba. Sai an zo rajistar jarrabawa a ga sunan bai dace da na katin ɗan ƙasa ba, a kama zaryar kotu ana rantsuwa.

Ɗan Ƙofar Marusa:
Na gode, Goggo, na gode Malam. Na je wa Hajiya da maganar Khalilullah, ta ce ta ji, su kira abinsu, ita dai Maigida za ta riƙa ce masa. Walima Alhamis bayan sallar asuba, a ƙofar gida.