Gwajin troponin: me ya sa sai an ɗebi jini sau biyu?

Mai tambaya: Assalamu alaikum 'yan uwa. Jiya da dare ƙirjin Babanmu ya riƙe, zufa sai karyo masa take, muka garzaya da shi asibiti. Aka yi ECG, wato gwajin da ke nuna yadda zuciya ke bugawa, aka ɗebi jini don gwajin troponin, aka ce bai hau ba. Har mun fara naɗe bargo, likita ta ce ba inda za mu sai an sake ɗiba bayan awa 3. Akwai wanda ya taɓa ganin haka?

Wata uwargida: Allah ya ba Baba lafiya. Ku bi maganarta. Maigidana gwajinsa na farko lafiya lau ya fito, har yana faɗa wai ana ɓata masa barci. Na biyu kuwa ya yi tashin gwauron zabi. Ashe jijiyar zuciya ce ta toshe.

Ma'aikacin ɗakin gwaji: Aikina ke nan kullum. Troponin sinadari ne da ke cikin tsokar zuciya, sai ta ji rauni yake tsiyaya cikin jini, kuma a hankali. Wanda ya zo da wuri, jininsa bai gama nunawa ba. Shi ya sa idonmu yana kan tazarar da ke tsakanin na farko da na biyu. Injinan zamani masu ƙarfin ganowa, awa 1 ko 2 ma ta isa. In ya hau, yakan kai mako 1 zuwa 2 bai sauka ba. Abin da ke ba ni ciwon kai shi ne mai zuwa da takardar wani asibiti yana gwadawa da tamu. Akwai troponin I, akwai T, kuma kowane inji da iyakar da in an wuce ta ake cewa ya hau.

Mai wankin ƙoda: Ni nawa kullum a sama yake. Ranar farko hankalina ya tashi, har wasiyya na fara. Likita ya ce masu ciwon ƙoda da yawa haka suke, tunda bai motsa ba tsakanin gwaji biyu, ba toshewar jijiyar zuciya ba ce.

Ma'aikacin ɗakin gwaji: Haka ne Alhaji. Na manta, masu shan bitamin ɗin biotin don gashi su riƙa faɗa, yana iya sa wasu injinan su nuna ƙasa da gaskiya. Hukumar FDA mai kula da abinci da magunguna ta Amurka ta yi gargaɗi a kai a 2017.

Mai tambaya: Na gode. Na biyun ya ɗan hau, sun riƙe shi, za a ɗebi na uku da yamma.