Bidiyo laringoskof: me za mu kira shi da Hausa?

Jama'a, ku taya ni neman suna. Jiya ina yi wa wata uwa bayanin yadda za a sa wa jaririnta barci kafin tiyata, da na zo kan na'urar sai bakina ya tsaya. Na ce mata, "Mama, wani abu ne mai kyamara." Ta kalle ni kamar hoton fasfo za a ɗauki yaron.

Ga aikinsa ga wanda bai taɓa gani ba. Idan an sa wa mutum barci, sau da yawa sai an zura masa bututun numfashi ta baki zuwa hanyar iska. Tsohon abin aikin ƙarfe ne mai fitila: likita ya ɗaga harshe da shi, ya sunkuya, ya leƙa da ido ɗaya. Miƙaƙƙen da ake yawan yi wa jarirai amfani da shi Robert Miller ne ya fito da shi a 1941, lanƙwasasshen kuma Robert Macintosh a 1943. Sabon yana da ƙaramar kyamara a bakin ƙarfen, hoton ya fito a allo. Wani irinsa mai suna GlideScope, na likitan Kanada John Pacey, ya fito a 2001.

A yara lamarin ya fi tsauri. Harshen jariri ya cika masa baki, maƙogwaronsa yana can sama, murfin maƙogwaron kuma dogo ne mai laushi. Ga shi jikinsa na shan iskar oksijin kusan ninki biyu na babba idan an auna da nauyi, shi ya sa kafin ka ce kwabo lambar da ke nuna oksijin ɗin jininsa a kan na'ura ta fara gangarowa. A wani gwaji da aka yi kan jarirai sabbin haihuwa a Dublin, aka buga a 2024, zurawar farko ta yi nasara kashi 74 cikin ɗari da mai kyamara, kashi 45 da tsohon.

To, sunaye. Wani ya ce "madubin maƙogwaro". Yana da tarihi, domin da madubi Manuel García, malamin waƙa, ya fara ganin igiyoyin muryarsa a 1854. Amma mun riga mun ba na'urar duba ƙwayoyin cuta "madubin likita", kuma wannan babu madubi a jikinsa. Wata 'yar'uwa ma'aikaciyar jinya ta ce "majigin wuya", muka yi dariya muka wuce. Na so in gina daga "gani", sai ya ba ni "magani". A rubuce wa zai bambanta shi da na sha?

Ni dai "maleƙi" ya fi kwanta mini, daga leƙa, kamar yadda buɗe ya ba mu mabuɗi. Tsohon ya zama maleƙin maƙogwaro, sabon kuma maleƙi mai allo.

Wani ɗan'uwa ya ƙalubalance ni: me ya sa ba "mai kyamara" ba? Saboda allon ne ya canza aikin. Da can ɗalibi na leƙe, malami na bayansa yana ta "me ka gani?", yaro kuma ba ya numfashi. Yanzu duk wanda ke tsaye a wurin yana ganin abu ɗaya. Malami zai ce "janye kaɗan, ka yi zurfi", kuma idan bututun ya nufi hanyar abinci, kowa ya gani tun bai shige ba. Sai dai ganin ƙofa daban, shiga daban: da maleƙi mai lanƙwasa sosai za ka ga ƙofar hanyar iska tar a allo, bututun ya ƙi bi.

Aikin kansa kuwa mu bar shi a "zura bututun numfashi". Kada a ce "sa roba" kawai, iyaye za su ɗauka ta abinci ce da ake sawa ta hanci.

Gobe akwai wani yaro a jerin tiyata. Zan gwada "maleƙi mai allo" a kan mahaifinsa, in dawo muku da amsarsa.