Shekara shida ina aikin banki amma raina yana koyarwa, in ajiye ko in ci gaba da haƙuri?

Assalamu alaikum 'yan uwa. Dan Allah shawara nake nema, kuma ku faɗa min gaskiya ko da ba za ta min daɗi ba. Ni magidanci ne a Kano, mata ɗaya da yara biyu, shekara shida kenan ina aiki a wani banki ɓangaren nemo kwastoma, kuma har yau ma'aikacin kwantiragi ne ni, duk shekara sai a ce mana ana nan ana duba maganar tabbatar da mu. Ina fita daga gida a Rijiyar Zaki kafin ƙarfe bakwai, in na dawo da wuri shi ne bayan isha'i, ƙarshen wata kuwa ba a magana, ga taget da ake ɗora mana na kuɗin da za ka shigo da su, ka yini kana zaga kasuwannin Kwari da Singa da Dawanau kana bin alhazai su buɗe asusu, wani ya ce ka dawo gobe wani ya bar ka tsaye a bakin shago, da yamma kuma a yi mitin a karanto sunanka cikin waɗanda ba su cika ba. Lokacin canjin kuɗi a farkon 2023 wallahi akwai ranakun da ta ƙofar baya muke fita saboda fushin jama'a.

Abin da ya sa na yi rubutun nan, satin da ya wuce aka yi bikin ba da kyauta a islamiyyar 'yata mai shekara biyar, ta haddace izu ɗaya, tun sati biyu take min tuni, ranar Asabar ce amma aka kira mu ofis. Da na dawo ta yi barci riƙe da kyautar, uwarta ta ce ta ƙi ajiyewa wai sai Abba ya gani. Daren nan ban yi barcin kirki ba. Mahaifiyata kuma tana Bichi, tafiyar da ba ta kai awa guda ba, amma rabona da ita wata uku.

Ni kimiyyar sinadarai na karanta a Jami'ar Bayero (BUK), kuma lokacin bautar ƙasa koyarwa na yi a wata sakandare, ban taɓa jin daɗin aiki irin na wannan shekarar ba, har yanzu akwai ɗaliban da ke kirana. Yanzu wata makarantar kuɗi ta ce in zo, ƙarfe biyu an tashi, sai dai albashin bai kai rabin wanda nake ɗauka ba. Ga haya, ga kuɗin makaranta, ga Hajiya da ƙannena. Yaya zan yi?

Wani magidanci daga Zariya:
Wa alaikumus salam. Ɗan uwa na tausaya maka amma kada ka saki reshe ka kama ganye. Tun da aka cire tallafin mai a watan Mayun 2023 ka san yadda kuɗin abinci da na mota suka koma, rabin albashi ba wasa ba ne ga mai mutum huɗu a gida da uwa a ƙauye. Yaran da kake son zama da su, in ka zauna da su babu na cefane wani ɓacin ran ne daban. Ka daure tukuna.

Tsohuwar ma'aikaciyar banki:
Ƙanina ni na yi irin aikinka shekara tara, don haka na san abin da kake faɗa har cikin raina. Masu cewa ka daure ba su san me taget yake yi wa mutum ba, ni sai da hawan jini ya kama ni ina da shekara talatin da 'yan kai, waya ta yi ƙara da dare gabana ya faɗi. Na bari kuma ban yi nadama ba, amma ban bari da ka ba, sai da na yi shekara guda cur ina shiri. Na farko na biya hayar shekara gaba ɗaya tun ina da albashi. Na biyu na tara abin da zai riƙe gida wata shida ba tare da na taɓa jari ba, na daina duk wani anko da gudummawar da ba dole ba, mutane suka yi ta surutu na toshe kunne. Sannan ka duba maganar fanshonka, a dokar fansho ta 2014 ana cire kashi 8 daga albashinka mai aiki ya sa kashi 10, kuma wanda ya bar aiki bai kai shekara hamsin ba, in ya yi wata huɗu bai samu wani ba zai iya neman kashi 25 na abin da ya taru. Amma fa kai da kake shirin shiga wani aikin kai tsaye kada ka sa wannan a lissafi. Abin da ya fi muhimmanci ka je wurin PFA ɗinka, wato kamfanin da ke kula da asusun fanshonka, ka ga ko kamfanin da ya ɗauke ku kwantiragi yana zuba kuɗin ma, da yawa sai sun tashi tafiya suke gane akwai watannin da ba a saka ba.

Malamin sakandare, shekara 14 a aji:
Malam ina maka maraba tun kafin ka zo, amma bari in gyara maka wani abu. Cewa ƙarfe biyu an tashi gaskiya ne, amma aikin yana biyo ka gida, makin ɗin takardu, shirin darasi, cike sakamakon jarrabawa, kuma wasu masu makarantun kuɗin ba sa biyan albashin hutu, wasu ma sai goma ga wata ba a biya ba. Ka tambayi malaman da ke can, ba shugaban makarantar ba, ka ji ko ana biya a kan lokaci da watan Agusta. Kuma tunda digirinka ba na ilimi ba ne kana buƙatar PGDE, wato difloma ta koyarwa da ake yi bayan digiri, ana yi a NTI, cibiyar horar da malamai ta ƙasa mai hedikwata a Kaduna, kuma suna da cibiyoyin karatu a jihohi, darasin ƙarshen mako ne, bayan nan ka yi jarrabawar TRCN, hukumar yi wa malamai rajista, ka samu rajista. Da wannan takardar ne za ka iya neman na gwamnati ko manyan makarantun da ke biya da kyau. Wani abu kuma da ke gefenka, malaman kimiyya ba su da yawa, malamin sinadarai da ya iya aikinsa ba ya rasa lesin na masu shirin WAEC da NECO da JAMB, ni da lesin ɗin yamma kwana uku a sati nake cike giɓin albashi. Sai dai ka kula, in ka cika kwanakinka da lesin har Asabar da Lahadi to ka koma gidan jiya, banki ne kawai ka sake wa suna.

Maman biyu:
Ni tambaya ɗaya gare ni, ka zauna da matarka kun yi maganar nan kuwa? Don duk rubutunka ban ga inda ka ce ga ra'ayinta ba, alhali ita ce za ta riƙe gidan da rabin kuɗin cefane. Mijina ya taɓa canza aiki bai gaya min ba sai da ya gama, ba ƙarancin kuɗin ne ya fi min ciwo ba, rashin shawarar ne. Ka nuna mata lissafin gaba ɗaya, ƙila ma tana da sana'ar da take son farawa tana jin nauyin faɗa maka. Hajiya kuma ba sai ka bar aiki za ka je Bichi ba yayana, Lahadin nan ka ɗauki yaran ku je ku yini.

Wani ɗalibin ilimi:
Damuwar da kake ji ba ragwanci ba ce. Lokacin da Salmanul Farisi ya ga Abu Darda ya duƙufa da azumi da tsayuwar dare har ya bar kula da iyalinsa, ce masa ya yi Ubangijinka yana da haƙƙi a kanka, ranka yana da haƙƙi a kanka, iyalinka suna da haƙƙi a kanka, ka ba kowa haƙƙinsa, kuma Annabi (SAW) ya ce Salman ya yi gaskiya. To in ibada ma ba a yarda ta cinye haƙƙin iyali ba ina ga aikin ofis. Ciyar da su kuma shi ma wajibi ne a kanka, shi ya sa ba zan ce ka ajiye gobe ba. Ka yi istihara, ka nemi albarkar mahaifiyarka kafin komai.

Ma'aikaciyar gwamnati daga Kaduna:
Mu nan tun ƙarshen 2021 aka mayar da aikin gwamnati kwana huɗu a sati, kuma wallahi ranar Juma'ar nan ta canza min rayuwa, albashin bai ƙaru ba amma na san 'ya'yana. Kafin ka fita gaba ɗaya ka gwada neman a mayar da kai wani ɓangaren da babu taget, ko ka nemi reshen da ya fi kusa da gida. Kuma ka karɓi hutunka na shekara, haƙƙinka ne, da yawanku tsoro ke hana ku nema.

Mai tambaya:
Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri, na karanta duka har sau biyu. Maman biyu kin faɗi gaskiya, ban taɓa zama da ita a kan maganar ba, jiya da daddare muka yi, ashe ta daɗe tana son fara ɗinki a gida, kuma ta ce in dai an biya haya ita ba ta da fargaba. Mun tsaya a kan ba zan karɓi tayin makarantar nan yanzu ba, zan nemi fom ɗin PGDE in fara tara kuɗin haya, in ba kaina shekara guda. Bichi kuma in sha Allahu Lahadi muna hanya. Malam mai shekara 14 a aji, dan Allah darasin NTI ɗin Asabar ne kawai ko har da Lahadi? Don Asabar ɗin ce matsalata, a wata sai a kira mu sau biyu.