Me zan shimfiɗa a bakin pisin?

Baban Zara:
Salamu alaikum jama'a. Ina gina ɗan otel a nan Garwa, mun haƙa pisin, wato wurin iyo, mita 8 a 4, an zuba kankare an gama, saura bakin kawai, wurin da mutum ke dafawa in zai fito daga ruwa. Maginina ya ce mu sa karon falo, wato tayil, tunda akwai ragowa, ni kuma raina na kan marbur ɗin Bidzar saboda kyau. Tsorona yara ne wallahi, kar ɗan wani ya zame. Dan Allah a ba ni shawara.

Magini Marwa:
Wa alaikumus salam Alhaji. Karon falo kam cire shi a lissafi, da ya jiƙe ya zama sabulu, ga gefensa da kaifi yana yanka gwiwa. Marbur ma in an goge shi yana sheƙi santsinsa ɗaya ne, kuma irin dutsen da ake ƙonawa a yi farar ƙasa ne, asid ɗin da ake zubawa a gyara ruwan pisin yana cin sa a hankali. In ka nace sai shi, a yanko maka mai kaushi.

Maman Abba:
Baban Zara kar a manta da rana fa. Maris da Afirilu zafin Garwa na haura 40, na taɓa kai yarana wani wuri da aka sa baƙin giranit, ƙaramin kuka ya dinga yi tafin ƙafarsa ya yi ja. Ka karɓo guntu guntu na duwatsun da kake so ka ajiye a rana, da azahar ka taka ba takalmi, sannan ka watsa ruwa ka sake takawa.

Ɗan Injamena:
Yallaɓai ni da farin siminti nake buga bakin pisin a mul, wato akwatin da ake zuba siminti ya ɗauki siffa, kauri santi 5, bakin a zagaye, ya leƙo kan ruwa kamar santi 3 don hannu ya samu kamawa, kafin ya bushe a ja masa buroshi ya yi kaushi, a yi mako guda ana ba shi ruwa. A karkatar da shi waje kaɗan don ruwan sama da ƙurar hunturu kar su koma ciki. Tsakaninsa da daɓen tsakar gida a bar ƴar tazara a cike da mastik, wato danƙon toshe tsaga, in aka haɗe su da siminti zafi zai tsaga shi.

Baban Zara:
Na gode ƙwarai, Allah ya saka. Karo dai na fasa. Malam na Injamena, mul ɗin na katako ne ko sai na kai wa mai walda?