Gyaran haƙoran sama kaɗai: waɗanda suka yi, me kuka gani?

Mai tambaya: Assalamu alaikum 'yan'uwa. Haƙorana biyu na gaba a sama sun ɗan hau juna, fiƙar dama kuma ta fita layi. Na ƙasa lafiyarsu ƙalau. So nake a gyara na saman kawai, amma na rasa zaɓi tsakanin waya da robar nan da ake cirewa. Don Allah wanda ya taɓa yi ya faɗa mini abin da ya gani.

Wata 'yar'uwa: Wa'alaikumussalam. Da irin niyyarki na je. Likitan ya ce in cije, ya duba ta gefe, ya ɗauki hoton haƙora da muƙamuƙi, sannan ya ce a'a. Wai haƙoran sama murfi ne, na ƙasa tukunya, in ka canza girman murfin sai ya daina zama daidai. Haƙoran da suka cunkushe wuri suke nema, in an jera su sai su turo gaba, tazarar da ke tsakaninsu da na ƙasa ta ƙaru. Haka aka sa mini waya sama da ƙasa, har da 'yan robobin da ake maƙalawa tsakaninsu. Kwanakin farko ko taunar abu mai laushi sai da dabara, ƙarfen da ake mannawa a haƙoran kuma ya gurje mini cikin leɓe, sai kakin da suke bayarwa nake liƙawa a kai. Duk bayan mako 4 zuwa 8 ake komawa a ƙara ɗaure wayar, ciwon ya ɗan dawo ya wuce. Wahalar da ba a faɗa ita ce goge baki. In kika yi sakaci, ranar cirewa za ki tarar da farin tabo zagaye da gurbin kowane ƙarfe.

Wani ɗan'uwa: Ni na saman kaɗai aka yi mini, da Invisalign, wato irin robar nan da ake cirewa, don karkatar tawa kaɗan ce kuma cizona daidai yake. Sa'a 20 zuwa 22 ake so robar ta yi a baki kullum, ana canza sabuwa duk mako ɗaya ko biyu. Ruwa kawai za ki sha da ita. Masu cewa ba a ganinta ba su faɗi duka ba: akwai 'yan ƙulle-ƙulle masu launin haƙori da ake mannawa don robar ta samu abin kamawa, wanda ya matso kusa zai lura. An kuma ɗan kankare tsakanin haƙorana don a samu fili. Fiƙarki ce abin dubawa, domin in ta juya sosai waya ta fi iya janyo ta.

Wata kuma: Wushirya aka rufe mini. Ta rufu da wuri har na yi mamaki, aka manna siririyar waya a bayan haƙoran don ta riƙe su. Da ta ɓalle a gefe ɗaya, kafin in samu komawa giɓin ya fara leƙowa. Likita ya ce tsokar nan da ta haɗa leɓen sama da dasashi ce ta sauko tsakanin haƙoran, sai da aka rage ta. Yanzu ga wayar baya, ga ritena, abin da ke hana haƙora komawa yadda suke, da nake kwana da ita, kuma ba ranar dainawa. Ki tambaya tun farko ko ritenar tana cikin lissafin kuɗin.

Wani: Wayar da ake sawa ta bayan haƙora na yi. Ba mai gani, amma harshe ya ji jiki, "s" ma da ƙyar take fita a farko.

Wata uwa: 'Yata, ni na haura 40 aka sa mini, shekaru ba sa hanawa. Abin da ya tsayar da ni dasashi ne mai zubar jini, likita ya ƙi taɓa komai sai da aka wanke aka magance shi, don haƙori ba ya motsi lafiya a ƙashin da ciwo ke ci. Kuma kada wani ya ba ki shawarar ɗaure haƙoran da roba a gida. Sulalewa take ta shige ƙarƙashin dasashi, ta bi saiwa tana cin ƙashi, har haƙoran su fara girgiɗi.