Layin dogon Kano zuwa Maraɗi: kasuwa zai kawo mana ko kwashewa zai yi?

Ɗan Kazaure:
Assalamu alaikum. Ina da shagon yadi da atamfa a Kazaure, shekara tara ke nan. Duk sati biyu nake shiga Kantin Kwari sarin kaya, in fita bayan asuba in dawo da la'asar sakaliya. Tun da aka ce layin dogon Kano zuwa Maraɗi zai bi ta garinmu, filaye suka fara tashi, yayana kuma ya matsa in sayar da shanuna biyu mu kama fili kusa da inda ake cewa tasha za ta zauna. Abin da ke hana ni barci shi ne, ko yanzu mai haɗa lefe ba ya tsayawa a wurina, mota yake hawa ya tafi Kwari da kansa. In tafiyar ta ƙara sauƙi, wa zai rage mini? Don Allah masana tattalin arziki, an taɓa bincika irin wannan?

Malamar Tattali:
Wa alaikumus salam Malam. Tsoronka yana da tushe, kuma an bincika. A 2014 Benjamin Faber ya duba manyan titunan da Sin ta shimfiɗa don haɗa manyan biranenta. Ƙananan gundumomin da titin ya ratsa a kan hanyarsa, masana'antunsu ba su bunƙasa kamar na gundumomin da titin ya tsallake ba. Dalili kuwa, hanyar da za ta fitar da kayanka ita ce za ta shigo da na babban birni, shi kuma ya fi ka araha da yawan zaɓi. Paul Krugman ya tsara wannan tunani tun 1991: kuɗin sufuri na sauka, sana'a na ƙara dunƙulewa wuri ɗaya. Kai ma ka san abin da ya sa mai lefe ke wuce ka. A Kwari zai zaga shaguna hamsin kafin azahar, ga 'yan dako, ga dillalai, ga mai ba da bashi.

Amma akwai wani binciken da ya shafe mu kai tsaye. David Atkin da Dave Donaldson sun bi farashin kayan masarufi daga masana'anta zuwa garuruwa masu nisa a Najeriya da Habasha, suka gano cewa abin da nisa ke ƙara wa kaya ya ninka na Amurka sau huɗu zuwa biyar. Talakan ƙauye ne ke biyan wannan. Saboda haka in sufuri ya yi sauƙi, mai saye zai ji daɗi, manomi ma haka. Wanda zai ji jiki shi ne mai sayar da abin da Kano ta fi shi iyawa.

Baba na Zango, Kumasi:
Ɗana, bari in ba ka namu na nan Gana. Jirgi ya iso Kumasi daga Sekondi a 1903, na Akara kuma a 1923. Remi Jedwab da Alexander Moradi sun yi nazari a kai, suka nuna noman koko ya bi layin dogo, mutane suka bi koko, garuruwa suka tashi. Abin mamakin, bayan jirgin ya lalace motoci suka karɓe aikin, garuruwan ba su watse ba, don an riga an gina gidaje da makarantu da kasuwanni. Sai dai ka lura, suna da abin lodawa. Haka Kano ta yi da gyaɗa bayan jirgi ya iso ta a 1911. Ku me za ku loda a Kazaure?

Direban Daf:
Ni dai tambayata ɗaya, tashar taku ta fasinja ce kawai ko da wurin lodi da rumbun ajiya? In babu wurin lodi, buhun riɗi a bayan motata zai ci gaba da tafiya kasuwar hatsi ta Dawanau a Kano.

Ɗan Kazaure:
Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Baba, tambayarka ta tsaya mini a rai. Muna da shinkafa da tumatir na masu noman rani a bakin dam, ga gero da riɗi daga ƙauyuka, duk a kan titi ake lodinsu. Na faɗa wa Yaya shanun su zauna tukuna. Ranar kasuwa zan zauna da masu sayen hatsi in ji nawa suke biya kan kowane buhu zuwa Dawanau. Malama, in na kawo lissafin za ki taya ni dubawa?

Malamar Tattali:
Kawo shi Malam, in sha Allahu. Ka haɗa da kuɗin dako da na shingayen hanya, ka kuma raba na damina da na rani.