Lainar kofin kwatangwalo: wace iri ce ke sa a sake buɗe majinyaci?

Likita mai neman ƙwarewa: Assalamu alaikum, manyanmu. Tambayata a kan laina ce, wato robar da ake zaunarwa cikin kofin ƙarfe idan an yi canjin kwatangwalo. Wace iri kuka fi ganin tana jawo a sake aiki?

Likitan ƙashi: Wa alaikumus salam. Ta manyan hanyoyi biyu laina ke mayar da mutum tiyata: cinyewa da gocewa, wato ficewar ƙwallon da aka sa a kan ƙashin cinya daga cikin kofi. Tsohuwar roba, irin wadda likitan ƙashi Charnley ya fara sawa a Ingila a 1962, tana zubar da ƙura sannu a hankali. Ƙwayoyin garkuwar jiki su haɗiye ƙurar, su tayar da kumburi, ƙashin da ke riƙe da kofi ya zaizaye, kofin ya yi sako-sako. Idan cinyewar ta haura milimita 0.1 a shekara, a sa ran ganin ramuka a hoton ƙashi. Robar da ake ƙarfafawa da radiyeshan, wadda ta shigo a ƙarshen shekarun 1990, ta rage wannan matuƙa. Amma ta fi saurin tsagewa. Aka cusa ƙwallo mai milimita 36 cikin kofi mai 48 ko 50, bakin robar siriri yake zama, kuma idan kofin ya miƙe tsaye fiye da kima, daga nan take fashewa. Masu sikila su ne abin dubawa a nan: matasa ne, gurbinsu ƙarami ne. Ƙwallo mai 32 ya ishe su.

Babban likitan tiyata: Haka ne, Dakta. Sai batun leɓe. Akwai laina mai baki ɗaya, akwai mai tudu a gefe guda, digiri 10, 15 ko 20. Rajistocin canjin gaɓoɓi na Ingila da Niyu Zilan sun nuna mai leɓe ta fi ƙarancin sake aiki saboda gocewa, musamman idan ta baya aka shiga wajen yin tiyatar. Amma leɓen a baya ta sama ake ajiye shi, kuma sai an gwada da lainar gwaji: a lanƙwasa, a juya ƙafar ciki, sannan a miƙe a juya ta waje. Idan kofin ya riga ya fuskanci gaba da yawa, wuyan ƙarfen da ke ɗauke da ƙwallon zai riƙa dukan leɓen, ya ɓamɓaro ƙwallon ta gaba. Kofin da ya zauna a karkace, gyara shi ake yi, ba a ɓoye shi da leɓe. Ma'aunin zaman kofi da Lewinnek ya fitar a 1978, digiri 30 zuwa 50 na karkata, 5 zuwa 25 na fuskantar gaba, mafari ne kawai.

Nas ta ɗakin tiyata: Ranka ya daɗe, a ƙara da zaman lainar. A wanke cikin kofi a tsane shi, a tabbata babu tsoka a baki, babu kan sukurun da ya ɗago. Lainar tangaran ko kaɗan ta karkace, tsagewa take. Kuma a manna takardun kayan a fayil, a ba majinyaci kwafi. Rashin sanin kamfanin kofi kan sa a cire kofi lafiyayye, alhali laina kaɗai ke buƙatar canji.

Mai gashin ƙashi: Mutanenmu suna zama a tabarma, suna sujada, suna tsuguno a banɗaki. Don gudun gocewa, laina mai motsi biyu fa, Dakta?

Babban likitan tiyata: Ita ce ta likita Bousquet, daga Faransa, 1974: ƙaramin ƙwallo mai 22 ko 28 cikin babban ƙwallon roba da ke juyi a kofi. Tana da amfani ga tsofaffi, masu karayar wuyan cinya, da masu shanyewar ɓarin jiki. Idan ta goce, kada a ja da ƙarfi. A ba da maganin barci cikakke, tsoka ta saki, in ba haka ba ƙaramin ƙwallon ya fice daga robar, sai an buɗe. Bayan an mayar, a duba hoto: ƙwallon ya kasance a tsakiyar kofi.